Bayani A Kan Ƙara Wa Zarton Inji Ƙarfi, Da Abin Da Ya Kamata Mai Jari Ya Sani

Ku sani, ya ku masu karatu, malamai da 'yan kasuwa, kaso mai yawa na katakon da a ke jibgewa a kasuwannin 'yan katako, kamar ta Na'ibawa a Kano, ba a babbar ma'aikata aka yanka shi ba. A cikin daji aka tsaga shi, a gindin kututturensa, da zarton nan mai inji wanda mutum ɗaya ya ke riƙewa da hannu biyu. Sau da yawa kuwa mai zarton ɗan kasuwa ne a birni, wanda ya zuba jarinsa ya saya, ya danƙa wa wani yaro mai ƙarfi ya shiga daji da shi, su riƙa raba abin da aka samu.

To, akwai wata magana da kusan kowane mai zarto ya kan ji daga bakin mai yi masa aiki, watau cewa injin ba shi da ƙarfi, a ba da kuɗi a kai wa makaniki ya ƙara masa. Maganar tana da asali, gama hakika ana iya ƙara wa injin nan ƙarfi. Amma hanyoyin yin haka suna da daraja-daraja. Waɗansu kusan kyauta ne, ba su da illa. Waɗansu suna da tsada, suna kuma da sharuɗɗa. Waɗansu ko ƙara kawai su ke ƙarawa, su kashe injin cikin yini guda. Wanda bai rarrabe tsakaninsu ba, jarinsa yana hannun sa'a, hannun yaronsa da ƙafarsa kuma suna cikin haɗari.

Fasali na farko: asalin zarton

Wani Bajamushe, Andreas Stihl, shi ya ƙera zarto mai aiki da lantarki a birnin Stuttgart cikin shekarar 1926. A 1927 wani ɗan ƙasarsu, Emil Lerp, wanda ya kafa kamfanin Dolmar, ya fito da mai shan fetur, Stihl kuma ya fito da nasa mai fetur a 1929. Waɗannan na farko masu nauyi ne ƙwarai, sai mutum biyu su ke iya aiki da su. Sarƙar da a ke amfani da irinta yanzu kuwa, wani mai saran itace ne a Amurka, Joseph Cox, ya tsara ta, bayan ya tsaya ya lura da yadda tsutsar wani ƙwaro ta ke cin itace da muƙamuƙanta, dama da hagu. Ya fara sayar da ita a 1947.

A 1959 kamfanin Stihl ya fito da wani zarto mai suna Contra, wanda mutum ɗaya ya ke ɗauka, a shekarar nan kuma kamfanin Husqvarna na ƙasar Suwidin ya shiga sana'ar. Daga zuriyar Contra aka sami tagwaye biyu a ƙarshen shekarun 1960, watau 070 da 090. Shi 070 ɗin nan shi ne ya zama jakin masu tsaga katako a dazuzzukan Nijeriya da Gana da Kamaru, sabo da ƙirarsa mai sauƙi ce, yana jure wahala, kayan gyaransa kuma ba su da wuyar samu. Da shi za a riƙa buga misali a wannan bayani.

Fasali na biyu: yadda injin ya ke numfashi

Ba a fahimtar ƙari sai an fahimci asali. A cikin injin akwai wani kurtu na alminiyam, shi ne silinda, a cikinsa kuma akwai fistin mai hawa da sauka. Sa'ad da fistin ya ke hawa, yana yin aiki biyu a lokaci guda: a samansa yana matse haɗin iska da fetur, a ƙarƙashinsa kuma yana zuƙo sabon haɗi daga kafireto, kamar yadda zugazugin maƙeri ya ke shan iska in an ɗaga shi. In ya kai ƙoli sai fulogi ya ba da tartsatsi, haɗin ya kama da wuta, ya tunkuɗo fistin ƙasa da ƙarfi. A cikin saukarsa sai ya buɗe wata ƙofa a jikin silinda hayaƙi ya fita, sa'an nan ya tura sabon haɗin nan ta waɗansu ƙofofi na gefe ya hau sama. Haka ya ke yi sau dubbai a cikin minti ɗaya.

Abu biyu ya wajaba a riƙe a nan. Na ɗaya, wannan inji ba shi da wurin ajiye baƙin mai kamar mota. Man da ya ke sa ƙarfe ya zame a kan ƙarfe a cikin fetur a ke zuba shi. Kamfanin Stihl ya ƙayyade kashi 1 na mansa ga kashi 50 na fetur, watau mililita 100 a cikin lita 5, tsofaffin littattafansa kuma sun ce in man wani ne a yi 1 ga 25. Na biyu, fetur ɗin da kansa yana sanyaya cikin injin yayin da ya ke zama tururi. Sabo da haka duk wanda ya rage wa injin fetur, ya rage masa abinci da mai da sanyi gaba ɗaya. Wannan ita ce ƙa'idar da sauran bayanin ya ke komawa gare ta.

Ƙarfin inji kuwa daga abu uku ya ke fitowa: yawan haɗin da ya shiga a kowane bugu, da tsananin matsin da aka yi masa kafin ya kama, da yawan bugun a cikin minti. Kowace dabara ta ƙara ƙarfi, ɗayan ukun nan ta ke taɓawa, kuma kowace tana ƙara zafi.

Fasali na uku: sarƙa kafin inji

Mafi yawan zartunan da a ke kuka da su, injinsu lafiya lau ya ke, sarƙarsu ce ta dakushe. Alamar a bayyane ta ke. Sarƙa mai kaifi tana fitar da ɓarɓashi manya-manya, tana kuma jan kanta cikin itacen ba tare da an danna ba. Dakusasshiya kuwa gari ta ke fitarwa mai laushi kamar tsaki, mai aiki yana dannawa yana gumi, wani lokaci har hayaƙi ya tashi daga bakin yankan. A wannan hali ko an ninka ƙarfin injin, zafi kawai za a ninka.

Wasa sarƙa ilmi ne mai ma'auni. Babbar sarƙar da a ke sa wa 070, wadda a ke rubuta wa lamba .404, magagari mai kaurin milimita 5.5 ta ke so. In gungume za a datsa a kwance, a kan wasa haƙori a karkace daraja 30. In kuwa tsaga shi za a yi a tsawonsa don a fitar da falanki, daraja 10 ta fi dacewa, gama ita ta ke ba da fuska mai santsi. A gaban kowane haƙori kuma akwai wani ɗan tudu wanda shi ya ke ƙayyade zurfin cizon. Yadda haƙori ya ke gajercewa da wasawa, haka tsayinsa ya ke raguwa, har tudun nan ya kusa daidaita da shi, sai sarƙa ta daina ci ko da tana da kaifi. Tilas ne a riƙa rage tudun, ya kasance ƙasa da bakin haƙori da kimanin milimita 0.8 a babbar sarƙa, 0.65 a matsakaiciya. Wanda ya zarce haka don gaggawa, sarƙar za ta riƙa cafka tana fizga, ta shaƙe injin, musamman a itace mai tauri irin ƙirya ko kawo ko marke.

Har wa yau akwai ɗan faifan nan mai haƙora wanda ya ke jan sarƙa. In aka cire mai haƙori 7 aka sa mai 8, gudun sarƙa zai ƙaru da kashi ɗaya cikin bakwai, amma ƙarfin janta zai ragu daidai da haka. Wannan musaya ce, ba ƙari ba. Haka nan dogon ƙarfen da sarƙa ta ke kewayawa a kansa: iyakar tsawonsa iyakar haƙoran da injin zai ja a cikin itace. Ƙaramin inji da aka ɗora wa dogon ƙarfe kamar jaki ne aka ɗora wa kayan raƙumi.

Fasali na huɗu: iska, da salansa, da kafireto

Bayan sarƙa sai matatar iska. Garin katako da ƙurar hunturu suna toshe ta cikin kwana ɗaya, in ta toshe kuwa injin ya zama kamar mai gudu da mura. Wankinta kullum yana mayar da ƙarfin da ya ɓace ba tare da an kashe ko kwabo ba. Waɗansu su kan cire ta ɗungum don iska ta yawaita. Wannan kuskure ne babba, domin ƙurar da za ta shiga za ta riƙa goge fistin da zobensa kamar yashi, matsi ya zube a hankali. Haka kuma tsagogin nan na bayan silinda, waɗanda fanka ta ke hura wa iska don su fitar da zafi, in datti ya cika su injin ba ya huce wa.

Sa'an nan salansa. Masu ƙira su kan ƙuntata mafitarta don rage ƙara da hayaƙi, musamman a zartunan zamani. In makaniki ya faɗaɗa mafitar nan da hankali, hayaƙi zai fita da sauri, sabon haɗi ya sami wurin shiga, ƙarfi ya ƙaru, zafi ma ya kan ragu. Wannan ita ce mafi arahar dabarun da su ke taɓa injin kansa. Amma tana da sharaɗi uku. Kada faɗin mafitar ya kai faɗin ƙofar hayaƙi ta jikin silinda. A cire salansar daga jikin injin kafin a huda, a wanke ta sarai, don kada ɓarɓashin ƙarfe ya koma ciki. A kuma bar ragar nan mai tare tartsatsi, gama tartsatsi ɗaya ya isa ya cinna wa daji wuta da rani.

Sharaɗi na huɗu ya fi su duka girma, shi ne a sake daidaita kafireto. Injin da ya sami ƙarin iska yana bukatar ƙarin fetur. A jikin kafireto akwai 'yan kusoshi masu juyawa: mai harafin L na ƙaramin gudu ne, mai harafin H na babban gudu. In aka murɗa H ciki, fetur ya ragu, in aka warware shi waje, ya ƙaru. A yawancin tsofaffin zartuna a kan fara ne daga kewaye ɗaya a waje, sa'an nan a gyara da kunne.

A nan ne mafi yawan injuna su ke mutuwa. Dalili kuwa shi ne, in aka murɗa H ciki, injin ya kan ɗauki wata ƙara siririya mai tsini, gudunsa ya hau, wanda bai sani ba ya ce to, yanzu ya sami ƙarfi. Alhali kuwa ƙishirwa ce ta ke sa shi kururuwa. Da ya shiga babban gungume zafi zai taru a gefen fistin da ya ke fuskantar ƙofar hayaƙi, mai ya ƙone, alminiyam ya yi laushi ya shafe a jikin silinda, zobe ya maƙale, injin ya tsaya cik. Alminiyam yana narkewa a daraja 660 ta ma'aunin zafi, amma tun kafin nan ya ke rasa ƙarfinsa. Hausawa sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai.

Daidaitaccen inji ana gane shi da kunne. In aka matsa masa wuta a sarari ba ya cikin itace, za a ji muryarsa da ɗan gurnani, tana ɗan kakkaryewa. Da sarƙa ta kama itace sai muryar ta washe ta miƙe. Fulogi ma shaida ne: in bakinsa ya yi launin ƙasa-ƙasa, lafiya, in ya yi baƙi, fetur ya yi yawa, in ya yi fari fat, a tsaya nan take. Mafi inganci kuwa shi ne a auna gudun da na'urar ƙirga juyi, a gwada da abin da mai ƙira ya rubuta.

Tanbihi ga masu kai zarto daga wuri zuwa wuri. Iskar kan dutse ta fi ta kwari rauni, inji ya kan rasa kimanin kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowane hawan mita 300. Zarton da aka daidaita a tsaunin Mambila, inda a ke yankan itacen turare a tudu mai tsayin fiye da mita 1,500, an rage masa fetur don ya dace da iskar can. In aka sauko da shi kwarin Binuwai ba a warware H ba, ya shiga ƙishirwar nan da aka ambata. Haka nan sanyin asubar hunturu ya kan sa iska ta yi nauyi, injin ya bukaci ƙarin fetur kaɗan. Kuma in robobin da su ke toshe bakin sandar juyi sun tsufa suna shigar da iska ta ɓarauniyar hanya, babu daidaitawar da za ta zauna sai an sauya su.

Fasali na biyar: matsi da ƙofofi

Daga nan aiki ya fita daga hannun kowa ya koma na gwanaye. In fistin ya kai ƙoli, akwai 'yar tazara tsakanin kansa da rufin silinda. Iyakar ƙanƙantar tazarar nan iyakar tsananin matsi. Masu gyara su kan auna ta da zaren dalma mai laushi: a zura shi ta ramin fulogi, a juya injin da hannu fistin ya latse shi, a ciro a auna kaurinsa. In tazarar ta yi yawa, sai a cire takardar da ke ƙarƙashin silinda a sa mafi siranta, silinda ya ɗan sauko. Amma ba a yarda tazarar ta gaza kimanin rabin milimita a babban zarto, domin ƙarfe yana miƙewa da zafi da gudu, fistin ya iya dukan rufi. Matsi mai yawa kuma yana son fetur mai kyau. In aka haɗa shi da gurɓataccen man bakin hanya, haɗin zai riƙa fashewa kafin lokacinsa yana ƙwanƙwasar fistin har ya rarake shi.

Sai gyaran ƙofofi, watau a ɗauki ɗan dutsen niƙa a faɗaɗa ƙofar shiga da ta fita, ko a ɗan ɗaga su, don a sauya lokacin buɗewarsu da rufewarsu. Wannan yana iya ba da ƙarfi mai yawa a hannun wanda ya san lissafinsa. Haɗarinsa shi ne ƙarfen da aka ci ba ya dawowa. In ƙofar hayaƙi ta yi faɗi fiye da kimanin sulusi biyu na faɗin silinda, zobe ya kan kumbura cikinta ya karye. In ba a dakusar da gefunan ƙofar ba bayan niƙa, su kan kama zobe. In aka ɗaga ta da yawa, injin zai yi gudu a sarari amma ya rasa naci a cikin itace, mai tsaga falanki kuwa naci ya ke bukata.

Akwai kuma wani ruɗu da ya ke zuwa daga masu gyaran babur. Silindan babur da yawa yana da hannun riga na baƙin ƙarfe a ciki, ana iya rarake shi a sa fistin mafi girma. Silindan zarto ba haka ya ke ba. Alminiyam ne da aka shafe cikinsa da wani siririn rufi mai tauri ƙwarai, irin wanda kamfanin Mahle na Jamus ya fito da shi a 1967 da sunan Nikasil. Wanda ya rarake shi ya kankare rufin nan, abin da ya rage kuwa ba zai yi kwana biyu ba.

Fasali na shida: babban silinda da hisabinsa

Tun da ya ke ba a rarakewa, hanyar ƙara girman ciki ita ce a sauya silinda da fistin gaba ɗaya. A nan tagwayen da aka ambata su ke da amfani. Faɗin silindan 070 milimita 58 ne, tafiyar fistinsa daga ƙasa zuwa sama milimita 40. Faɗin na 090 milimita 66 ne, tafiyar kuwa ɗaya ce, 40. Ma'abota hisabi sun san yadda a ke fitar da cikin kurtu: a buga faɗi da kansa, a buga da tsawo, a ɗauki kimanin kashi 785 cikin 1,000. Na farko zai ba da santimita kubik 105.7 na ciki, na biyu kimanin 137. Ƙarin milimita 8 kaɗai a faɗi ya haifar da kusan kashi 30 cikin 100 a ciki. Shi ya sa mai ƙira ya rubuta wa 070 ƙarfin kilowat 4.8, watau doki 6 da rabi, ya rubuta wa 090 kilowat 6.3. Da ya ke gindinsu iri ɗaya ne, makanikai su kan ɗora silindan 090 a kan 070.

Wannan ƙari ne na gaskiya, amma yana jawo 'yan rakiya. Kulocin 090 ya fi na 070 ƙarfi, sabo da haka in an bar tsohon zai iya zamewa ya yi zafi. Fetur zai ƙaru gwargwadon girman cikin. Boris ɗin da suka riga suka gaji za su ɗauki duka mafi tsanani. Uwa uba kuma ingancin kayan da aka saya. Kasuwanni sun cika da silinda na kwaikwayo, waɗanda rufin cikinsu ya ke ɓarewa, ƙofofinsu a karkace, zobensu mai gautsi. Babban silinda maras kyau sau da yawa ba ya kai ƙaramin silinda na asali ƙarfi. Araha ba ta ado.

Kada kuma a ɗauka girma shi ne kome. Zarton Stihl mai lamba MS 660 cikinsa 91.6 ne kawai, ya gaza 070, amma ƙarfinsa kilowat 5.2 ne, domin yana juyi kimanin 13,000 a minti, shi ko 070 a wajen 8,000 ya ke tsayawa. A 2019 kamfanin ya fito da MS 500i, wanda ba shi da kafireto sam, na'ura ce ta ke auna iska da zafi tana fesa masa fetur daidai bukata: cikinsa 79.2, ƙarfinsa kilowat 5, nauyinsa kilo 6.2, alhali 070 ya haura kilo 10. Su kansu masu ƙira, ta wajen daidaita abinci da numfashi suka samo ƙarfinsu.

Fasali na bakwai: linzami

A cikin 070 akwai wani ɗan fiffike kusa da fanka. In gudu ya yi yawa, iskar fanka ta kan tura shi, shi kuma ya ɗan rufe bakin kafireto, fetur ya rinjayi iska, gudun ya sauko. Linzami ke nan da mai ƙira ya sa masa. Waɗansu masu aiki su kan cire shi ko su ɗaure shi don injin ya yi ta hawa. Amma fistin ɗin 070 babba ne mai nauyi, ba a ƙera sandarsa da boris ɗinsa don gudun zartunan zamani ba, kuma nauyin da su ke ɗauka yana ninkuwa huɗu in gudu ya ninku biyu. Mai cire linzami yana neman gira ne, yana dab da rasa ido.

Masu son ganin iyakar abin da ƙari ya ke iya yi, sai su dubi gasar yankan itace da kamfanin Stihl ya fara ɗaukar nauyinta a Amurka a 1985. A cikinta akwai zartunan da a ke haɗawa da injin babur ko na keken kan ƙanƙara, ƙarfinsu ya zarce doki 60, suna datsa babban gungume sau uku cikin ƙasa da daƙiƙa 10. Amma daƙiƙun nan su ne iyakar aikinsu, sa'an nan a kashe su a duba. Dokin sukuwa ne. Mai tsaga maɗaci ko loko yana riƙe wuta a ƙarshenta minti da yawa ba hutu, daga safe har la'asar, abin da ya ke bukata raƙumin ayari ne.

Fasali na takwas: jiki da daji

Ƙarfin da aka ƙara wa zarto, an ƙara shi ne a hannun ɗan Adam. In saman hancin ƙarfen sarƙa ya taɓi itace, zarton ya kan yi tsalle baya ya nufo fuska da kafaɗa cikin ƙiftawar ido. A farkon shekarun 1970 masu ƙira suka fara sa birkin sarƙa sabo da wannan, amma tsohuwar ƙirar 070 ba ta da shi. Ƙarar zarto ta haura ma'auni 100, alhali daga 85 kunne ya ke fara lalacewa in an daɗe, salansar da aka huda kuwa ta fi haka, kurumtar kuma ba ta warkewa. Girgizarsa ma ta kan kashe jijiyoyin yatsu a hankali. Mai jarin da ya biya kuɗin ƙara ƙarfi, ya hana kuɗin toshin kunne da tabarau da takalmi mai kauri, bai yi wa yaronsa adalci ba.

Ya kamata kuma a san abin da ƙarfi ba ya gyarawa. Bakin yankan babbar sarƙa ya kusa santimita ɗaya, zarton ɗamara na ma'aikata kuwa milimita 2 ko 3 ya ke ci. A kowane falanki uku ko huɗu, kusan guda ya tafi a gari. Irin wannan asara tana cikin dalilan da suka sa ƙasar Gana ta hana tsaga katakon sayarwa da zarton inji a 1998. Madobiya kuma, wadda aka kwashe daga dazuzzukan Taraba ana kai wa Sin, a 2017 ta shiga jerin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta sa wa ido a ciniki. Zarto mai sauri yana cika mota da wuri, yana kuma nisanta daji da wuri, kuɗin mota ya ƙaru a kan ɗan kasuwa. Neman izinin hukumar gandun daji kafin sara yana cikin tsare jari.

Fa'ida ga mai saye da mai bayarwa

In yaro ya zo da kukan rashin ƙarfi, a bi tsani daga ƙasa. A duba ɓarɓashin da sarƙa ta ke fitarwa. A duba matatar iska da fulogi, wanda tazarar bakinsa rabin milimita ce. A tambayi irin man da a ke zubawa da ma'auninsa. A daidaita kafireto. In duk waɗannan sun inganta aikin kuma ya fi ƙarfin injin, sa'an nan a yi maganar salansa, bayanta matsi, bayansa babban silinda, kowane mataki a gwada shi a itace kafin a hau na gaba. In kuwa lissafin silinda da kuloci da ladan makaniki ya kusa rabin kuɗin babban zarto, sayen babban ya fi.

Wanda zai sayi zarton hannu, ya sa a kwance kusoshin salansa, ya leƙa ta ƙofar hayaƙi yana jan igiya a hankali. In ya ga gefen fistin sumul yana sheƙi, zobe yana motsi, madalla. In ya ga zane-zane a tsaye kamar an ja ƙusa, injin ya taɓa shan ƙishirwa, sai a rage kuɗi ko a bar shi. Ya ɗaga zarton da igiyarsa kuma: in ya sulale ƙasa da sauri matsi ya tafi, in ya sauko da tsaitsayawa yana nan. Mai sayarwa kuwa, in an huda, ko an niƙa, ko an sauya silinda, ya faɗa wa mai saye tun kafin a yi ciniki, gama ɓoye irin wannan algus ne, kasuwar katako kuma ƙarama ce, labari ba ya kwana.